Kyamarar da Na Bari a Kunne a Ƙofar Rini

Ko da zan tsufa in rikice har in riƙa haɗa sunayen 'ya'yana, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya kare kundin digirina na uku. Har yau idan aka kunna lasifika a ɗakin taro ta yi ƙarar nan tata mai shiga haƙori, sai in runtse ido. Ɗalibaina sun ɗauka ƙarar ce ba na so, ni kuma ban taɓa gyara musu zance ba.

Ni malama ce a wata jami'a a nan Sakkwato, a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, kuma ɓangaren da na kama shi ne yadda ƙwaƙwalwa take aiki a wurin mai harshe fiye da ɗaya. Masana sun daɗe suna gardama a kan abu guda. Wasu sun ce wanda yake rayuwa da harshe biyu kullum ƙwaƙwalwarsa tana danne ɗaya tana sakin ɗaya, don haka ya fi iya kawar da kai daga abin da ke son ɗauke masa hankali, musamman idan shekaru suka ja. Wasu kuma sun ce sam, babu wani bambanci. Ni da rawar kaina na ce daga Sakkwato za a raba wannan gardama.

Sai dai lokaci ya riga ya ci ni. Na yi haihuwa biyu a cikin karatun, na roƙi ƙarin wa'adi har sau biyu, kuma takarda ta zo mini daga makarantar manyan digiri cewa idan ban kare kundina a wannan zangon ba, za a cire sunana. A aikinmu kuwa wadda ba ta da wannan digiri tana nan inda take har ta yi furfura, ɗalibanta su zo su wuce ta tana yi musu barka. Takardar nan a cikin jakata take kwana. Ko cefane na je na sa hannu zan ɗauko wani abu na taɓo ta, sai gabana ya faɗi.

Aikin yana buƙatar rukuni biyu na tsofaffi. Masu harshe biyu ban sha wahalar samun su ba: tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka ajiye aiki, abokan mahaifiyata da ke zaune wajen Sama Road, masu Hausa da Turanci. Masu Hausa zalla ne suka gagare ni. Ina cikin wannan tunani sai na tuna da gwaggon maigidana, Gwaggo Inno, wadda take zaune a tsohon gidansu na Ƙofar Rini, kuma duk ranar Alhamis tsofaffin matan unguwa suna cika mata tsakar gida. Babu wadda ta taɓa shiga aji a cikinsu. Na ce wa kaina ai ga masu harshe ɗaya Allah ya tara mini wuri guda.

(A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Shekara tara ina auren ɗan gidan, amma ban taɓa zama da Gwaggo zaman minti goma ba. Gaisuwa nake zuwa, in durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, in ce an wuni lafiya, in ajiye abin da na kawo, in sulale. Kunyar surukai ce, kuma har yabona ake yi a kanta. Na sha ganin littattafai a jere cikin gafaka a ɗakinta, na ɗauka na marigayi mijinta ne aka bar mata don tunawa. Maigidana kuwa da zarar na ce "bincikena" idonsa yake fara lumshewa, saboda haka ban tambaye shi komai ba.)

Ranar Alhamis na ɗauki kwamfuta da kyamara da tulin fom na hau keke napep. Na tarar da su a kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, Gwaggo a tsakiya kan buzu. Ƙa'idar aikinmu ita ce a keɓe kowane mutum shi kaɗai a yi masa tambayoyi. Na san wannan, ni nake koyar da shi a aji biyu. Amma ta yaya matar ɗa za ta ce wa surukarta ta tashi ta biyo ta ɗaki? Sai na zauna a gefen tabarma na buɗe fom a gaban kowa, kuma saboda ladabi na fara da babba.

Na ce, "Gwaggo, ban da Hausa, akwai wani harshen da kunka iya?"

Ta dube ni ta yi murmushi. "Ni? Mi nis sani, ɗiyata? Ɗan abin da za a yi salla da shi na, shi ma Allah shi karɓa."

Na sa alama a akwatin "harshe ɗaya". A ƙasansa akwai akwatin ilimi: firamare, sakandare, gaba da sakandare, babu. Na sa alama a "babu", da hannun nan nawa, da biro shuɗi. Na juya ga ta kusa da ita, ta ce, "Wane ni." Ta gaba ta ce, "Mu ai 'yan rakiya na." Haka na zagaye tabarmar nan kaf, kowace tana ba ni amsar da nake so, ni kuma ina murna a ciki ina cewa ban taɓa samun rukuni mai tsabta irin wannan ba.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Kibiya ce take fitowa a fuskar kwamfuta. Wani lokaci ta fito a gefen dama amma bakinta yana nuna hagu, kai kuma aikinka ka danna inda take nunawa, ka ƙyale inda ta fito. Kwamfuta tana auna saurinka da kuskurenka. Na manna jan ƙyalle a maɓalli ɗaya, kore a ɗayan, na kafa kyamara a kan turmi don in sami shaidar yadda aka yi aikin. Ana cikin yi wayata ta yi ƙara, na ga malamina ne mai duba aikina, na ce su yi mini haƙuri, na fita zaure. Ya riƙe ni kusan minti goma yana yi mini faɗa a kan babi na biyu. Na dawo muka ci gaba.

Da na zauna lissafi sai na ga abin mamaki. Tsofaffin Ƙofar Rini sun yi wa na Sama Road fintinkau. Masu harshe ɗaya sun doke masu harshe biyu! Gwaggo ita kanta, da shekarunta da komai, ta fi wata tsohuwar shugabar makarantar sakandare sauri. Na sake lissafin sau uku, haka ya fito. Daga nan kaina ya fara kumbura. Na rubuta babi na biyar da wata irin izza, ina cewa sakamakon nan ya ƙalubalanci abin da aka daɗe ana faɗa. Har hango kaina na yi a jirgin sama ana gayyatata ƙasashe. Da malamina ya gani sai ya ce, "Kin tabbata da rukunin nan?" Na ce ai dangin mijina ne, na san su ciki da waje.

Kumburin kan bai daɗe ba, domin mako uku kafin ranar kare kundin aka faɗa mini wanda za a kawo daga waje ya jarraba ni. Wani farfesa ne daga gabas, Bafulatani, siriri, wanda a bayan idonsa ake ce masa Jan Biro. An ce ba ya ɗaga murya, ba ya zagi, tambaya ɗaya yake yi ya naɗe hannu. An ce akwai wanda ya shiga wurinsa da kundi ya fito ya koma kiwon kaji. Ko gaskiya ne ko ƙari, ni dai daga ranar abinci ya daina wuce mini. Na haddace kundin nan kamar karatun allo. Na tsaya gaban madubi na yi wa kaina tambayoyi masu zafi na amsa. Na sa mahaifiyata addu'a, na sa ƙawayenta na Sama Road addu'a, har Gwaggo na aika wa a taya ni roƙon Allah. Duk ramin da na zata zai tona na cike shi, na lissafi, na littattafan da na karanta, na yawan mutanen da na gwada. Tsoron nan ne ma ya sa na yanke shawarar nuna hoton bidiyon Ƙofar Rini, don ya gani da idonsa cewa aiki na yi ba zama ba. Minti biyun farko na kalla, na ga sun yi kyau, na rufe. Lasifikar kwamfutata dama ta daɗe da mutuwa, ban kuma damu ba, tun da na san abin da aka faɗa.

Ranar ta zo. Ɗakin taron sashenmu ya cika: shugaban sashe, wakilin makarantar manyan digiri, malamina, abokan aiki, da ɗaliban da ni nake koyarwa a jere a baya. Jan Biro yana tsakiya, kundina a gabansa, biron a kwance a kai. Na fara magana, na yi nisa. Ya yi tambaya biyu a kan lissafi na amsa, ya gyaɗa kai. Na ji wani sanyi a raina, na ce ashe mutum ne.

Sai na zo wurin bidiyon. Aka haɗa majigi da babbar lasifikar ɗakin, ta yi ƙarar nan. Ga Gwaggo a bango, ƙatuwa, tana danna ja da kore, a ƙasan hoton kuma na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan shi ne rukunin masu harshe ɗaya. Minti biyu suka cika, aka ga wayata ta yi ƙara, aka ga bayana ina fita zaure. Na miƙa hannu zan kashe.

"Bar shi ya ci gaba," in ji Jan Biro.

Na janye hannuna. Ban san abin da ke gaba ba, ban taɓa gani ba.

Ƙafata tana ɓacewa daga hoton, Gwaggo ta juya ga matan ta buɗe baki, abin da ya fito kuma ba Hausa ba ne. Fulatanci ne, tiryan-tiryan, ba gargada. Matan suka kwashe da dariya, uku suka amsa mata da shi. Kafin in ankara wata daga gefe ta jawo littafi daga ƙarƙashin mayafinta (ashe ɓoye su suka yi da na shigo, don kada su raba mini hankali), ta karanta wani layi da Larabci, Gwaggo ta tsayar da ita, ta gyara mata, ta yi mata bayani mai tsawo, da Larabcin, ba ta ko duba littafin ba. Ana cikin haka wata tsohuwa mai tallar zogale ta leƙo daga ƙofa, Gwaggo ta ɗaga murya ta gaishe ta da Zabarmanci, suka yi ta raha. Duk wannan a bango, a gaban ɗalibaina, rubutuna yana nan a ƙasa bai motsa ba.

Na saci kallon malamina na ga ya dafe goshi da hannu biyu. Wani a baya ya yi tari, irin tarin da ake yi don dariya kada ta fito.

Jan Biro ya ce a tsayar. Da Turanci ake yin zaman tun safe, amma a nan sai ya ajiye Turancin ya koma Hausa, wannan kuwa ya fi komai tsorata ni.

"Malama, kina jin Fulatanci?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To bari in fassara miki. Cewa ta yi, 'Ku yi haƙuri ku danna mata abin nan da kyau, matar ɗana ce, na ga tsoro take ji. Kuma idan ta dawo a koma Hausa, kada ta ɗauka da ita ake.'"

Na so ƙasa ta tsage in shige.

"Buɗe kundinki inda kika bayyana rukunin nan. Karanta mana, da ƙarfi."

Na buɗe. Na karanta: tsofaffin mata masu harshe ɗaya, waɗanda ba su da ilimi.

Ya ɗaga hannunsa ya fara lanƙwasa yatsu a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu. "Ni huɗu na ƙirga a bakin baiwar Allah nan, cikin minti biyar. Ke nawa kika iya?"

"Biyu, ranka ya daɗe."

"To." Ya ɗauki jan biron, ya cire murfinsa, ya naɗe hannu.

Aka ce in fita in jira. Na zauna a benci a baranda. Na sa hannu a jaka neman hankici na taɓo takardar wa'adin nan, sai hawaye. Shekara shida ta tafi a banza, na ce, kuma ba lissafi ne ya kashe ni ba, ba littafi ba, surukata ce da na kasa ɗaga kai in kalla. Na fara tsara yadda zan faɗa wa mahaifiyata. Na tuna mai kiwon kajin nan, na ce ko a ina yake sayen 'yan tsaki.

Bayan kusan awa guda aka kira ni. Jan Biro ya ce sakamakona ba ya nuna abin da na ce yana nunawa, ba ya kuma nuna kishiyarsa, domin ban san su wa na gwada ba. Ya ce babi uku za a rushe. Amma ya ce abin da ke cikin mintunan da ban kalla ba ya fi duk abin da na rubuta daraja, kuma shi da kansa zai rubuta a ba ni shekara guda, da sharaɗin in koma in tambayi kowace ita kaɗai, a ɗakinta, in saurara. Ban ci ba, ban kuma faɗi ba. Na fito ina godiya kamar wadda aka tsamo daga rijiya.

Sai dai wani tsoron ya maye gurbin wancan, domin komawa Ƙofar Rini yana nufin in faɗa wa Gwaggo abin da na rubuta a kanta. Na yi mako biyu ina ɗagawa. Da na faɗa wa maigidana, barci bai ɗauke shi ba wannan karon. Ya zaro ido ya ce, "Gwaggo kika rubuta wa babu? Gwaggon da limamin unguwa ke aiko wa tambayar rabon gado?" Ya ce shi ba zai raka ni ba.

Na je da hantsi, ranar da ba kowa. Na durƙusa a bakin ƙofa yadda na saba, ta ce in shigo ciki in zauna. Labari ya riga ni isa, Sakkwato ce.

"An ce kin kai mu majigi," in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, ku gahwarce ni. Amma na tambaye ku, kunka ce ba ku iya ba."

"Ke ɗiyag ga, cikin taro kit tambaye ni. Wa ka buɗa baki gaban mutane shi ce ya iya? Kuma ban yi maki ƙarya ba. Wanda yag ga malamman da nig gani ba shi cewa ya san Larabci."

"To su sauran hwa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa mutum. "Ni na ce ban iya ba, su sai su ce sun iya?"

Ta ce in nuna mata takardar. Na miƙa mata fom ɗinta, ta ce in karanta mata tun da ita ba ta san boko ba. Na karanta har na zo akwatin ilimi, sai na tsaya. Ta ce in ci gaba. Na ce, "Babu." Ta miƙo hannu na ba ta birona, ta ɗora takardar a gwiwa, ta yi rubutu layi ɗaya da ajami a gefen akwatin, daga dama zuwa hagu, hannunta ko rawa ba ya yi. Ta mayar mini. Na juya takardar sama, na juya ta ƙasa.

"Gwaggo, mi kunka rubuta?"

"In kin koya kin karanta. Alhamis muka zama, bayan azahar."

Da na so, da na kai wa maigidana ya karanta mini a daren, amma kunya ta hana ni. Haka na koma tabarmar nan, a can ƙarshe inda sababbi suke zama, rabin lokaci ina tattara bayanan kundina ɗaki-ɗaki, rabi ina haɗa baƙi kamar 'yar shekara shida. Na gano Fulatancin na mahaifiyarta ne, Zabarmancin na aurenta na fari ne a ƙetaren iyaka, Larabcin kuma na shekara sittin ne a gaban littafi. A cikin matan nan duka, biyu kawai na samu masu Hausa zalla, su ma ban yarda ba sai da na tambayi maƙwabtansu. Bayan shekara na sake tsayawa gaban Jan Biro, na wuce da ƙananan gyare-gyare.

Layin Gwaggo kuwa wata huɗu ya ɗauke ni. Ranar da na haɗa shi ina zaune a ofis ni kaɗai. Cewa ta yi: "Allah shi ba mai takarda ilimi."

Yanzu duk ɗalibin da zai fita tattara bayanai abu biyu nake faɗa masa. Idan tsohuwa a garin nan ta ce maka ba ta iya komai ba, ka ajiye biro ka gyara zama. Idan kuma ka ɗauki bidiyo, ka kalle shi har ƙarshe, da murya, kafin wani ya kalla maka. Fom ɗin yana nan na sa shi a gilashi na rataye a bangon ofishina. Baƙi da yawa suna zaton addu'ar albarka ce wata tsohuwa ta yi mini, sukan ce amin, ni ma in ce amin.